Wanda Ya Riƙe Mini Igiya A Gonar Gero

Ni ba mai son dogon zance ba ce, kuma ba na cikin masu ganin baƙar kyanwa su ce aljani ne. Saboda haka in na ce muku abin nan ya faru da ni, wallahi ya faru, da rana, idona biyu, ga mutane a tsaye suna kallo. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya wuce abinsa.

Shekarun baya ne, lokacin ban daɗe da zuwa Jidda ba. Na gama sakandare a Kano, na zauna a gida har zaman ya ishe ni, sai aka samo mini aiki a wani shagon lalle da gyaran gashi na mata a unguwar Ruwais. A unguwar Bagdadiyya nake kwana, gidan Kawu Usmanu, wan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Dukansu a Jidda aka haife su, aure ne ya kai mahaifiyata Kano, shi kuwa Kawu ko sau ɗaya bai taɓa taka Najeriya ba. Babansu ne ya zo Hajji a ƙafa ta Sudan, ya tsallako teku, ya zauna. To amma haihuwa a ƙasar nan ba ta mai da kai ɗan ƙasa. Da iƙama Kawu yake zaune, wato katin izinin zama, kamar ni da na zo jiya, kuma wuyan iƙamar yana hannun kafilinsa, mai gonar da yake yi wa aiki. Ranar da kafili ya juya maka baya, sai jirgi.

Na san wani zai ce gona kuma a Jidda? Akwai mana. In ka ɗauki hanyar Makka ka ratse gabas, akwai gonakin rijiya, ana shuka gero da ciyawa a yanke su ɗanye a kawo wa masu tumaki. Kawu tun yana saurayi yake aiki a ɗaya daga cikinsu, wajen uban mai gonar ya fara aiki. Can yake kwana, sai ƙarshen mako yake zuwa gida.

Rannan na dawo daga shago a tsakiyar mako sai na tarar da shi a falo, zaune a ƙasa, ga abinci a gabansa bai taɓa ba. Matarsa, Khala Zainabu, tana gefe idonta jawur. Na tambaya me ya faru, Khala ta kau da kai.  Na ce to in mutuwa aka yi a gaya mini, in kuma ba mutuwa ba ce a daina wannan zaman makokin. Khala ta harare ni, sannan Kawu ya buɗe baki.

Wai da safe ya shiga duba ruwa, geron ya kai ƙugu, sai ya tarar a tsakiyar gonar wani wuri ya kwanta. Ba kwanciyar iska ba, wadda za ka ga nan ya faɗi can ya tsaya. Da'ira ce cif, kamar an kifa ƙaton faranti, faɗinta babbar mota za ta juya a ciki, karan duk sun bi hanya ɗaya kamar kitso. Ƙasa a jiƙe take da ban-ruwa, amma babu sawun mutum, babu na dabba. Sai ya tuna babansu ya taɓa gaya masa cewa a ƙauyensu ana ce wa irin wannan shimfiɗar baƙi. Baƙi ne suka sauka, waɗanda ba a gani. Ba a yanke wurin, ba a zagi, nono ake kai musu a roƙe su su wuce lafiya. Kawu fa mutum ne na sahun gaba a masallaci, ya ce shi kansa bai san ya aka yi ba, sai ganinsa ya yi ya je kantin bakin titi ya sayo laban, nonon kwali, ya juye a kwano, ya shiga tsakiyar da'irar ya tsuguna ya ajiye. Ashe wakilin gonar, wani Hamdan, yana bayan tankin ruwa yana ɗaukarsa a waya. Kafin azahar bidiyon ya isa wajen mai gonar, Abu Majid.

Na ce, "Kawu, nono ka kai wa wa?"

Ya ce, "Ya binti, 'yata, haka Baba ya ce ana yi."

"A ƙauyensu ya ce. A ƙauyen nasu akwai waya mai bidiyo?"

Khala ta ce in iya bakina, ba a yi wa babba magana haka. Tana rufe baki kuma ta juya kansa da kanta, wai tun yaushe take cewa ya riƙo musu laban in zai dawo, kullum mantawa yake, yau ga shi ya tuna da aljanu. Ba wanda ya yi dariya.

Ku da kuke gida wataƙila ba za ku gane nauyin abin ba. A wajenmu in an ce wane yana tsubbu, gulmar unguwa ce, gobe a gaisa da shi. A nan sihiri magana ce ta hukuma da kotu da kurkuku, mafi sauƙinta a soke maka iƙama a jefa ka jirgi. Ga baƙin tsoho a tsugune a tsakiyar da'ira, da kwano, bakinsa yana motsi. Ya rantse Ayatul Kursiyyu yake karantawa, amma bidiyo ba ya ɗaukar abin da ke zuciya. Abu Majid ya ce ranar Alhamis zai je ya ga wurin da idonsa, daga nan ya miƙa maganar gaba. Mutumin da bai san kowa a Najeriya ba sai ƙanwarsa ɗaya, da furfura, a sauke shi a can ya yi yaya?

Ni dai ban yarda da zancen baƙi ba. Khala ta ce guguwa ce irin mai ɗauke da iskoki, na ce guguwar da ta je makaranta ta koyi zana da'ira? Na ɗauki waya na shiga bincike, sai ga hotuna rututu, gonakin alkama na Turawa da irin wannan zane, wasu ma sun fi wanda Kawu ya siffanta ƙawa nesa ba kusa ba. Su ma can kowa da abin da yake faɗa. Wasu sun ce halittu ne daga sama suke sauka da jirginsu, wasu sun ce iska ce mai juyawa, wasu har tafiya suke su zauna a ciki wai ƙarfin ƙasa zai warkar musu da ciwo. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Can sai na ci karo da labarin wasu tsofaffi biyu a Ingila da suka fito suka ce su ne suka daɗe suna yi, don tsokana kawai, da katako da igiya. Har aka nuna yadda ake yi: a kafa turke, a ɗaura igiya, a riƙa taka katako ana zagayawa. Na ce shike nan, an gama. Samarin banza ne suka gani a waya suka zo suka gwada a gonar mutane, ko ma Hamdan ɗin ne da kansa, tunda an ce yana da ɗan'uwa da yake nema wa gurbin Kawu.

Na ce zan bi shi ranar Alhamis in yi irinta a gaban mai gonar, ya ga aikin hannu ne. Kawu ya ce ko kusa, mace ba ta shiga maganar maza, kuma wurin ba na wasa ba ne. Na ce to ya zauna ya jira jirgi. Khala ce ta goya mini baya, ita ta kwance igiyar shanya ta ba ni, ta aro katako wajen maƙwabcinmu mai aiki a sito a tashar jiragen ruwa.

Bayan la'asar muka isa, rana ta ɗan yi sanyi amma gari fes. Abu Majid dattijo ne siriri, ba shi da hayaniya, kuma ka ga alama abin yana damunsa, don tare suka taso da Kawu a gonar nan. Ya dube ni da katako a kafaɗa ya tambayi Kawu wace ce wannan, kafinta ya kawo? Da Larabcina na shago, mai karyayyen ƙafa, na ce masa ni 'yar ƙanwarsa ce, na zo in nuna masa yadda yara suke wasa da hankalin manya. Hamdan ya sa baki, wai in dai za a yi gwaji to a matsar da tsohon, kada ya tsaya kusa yana karanta mini abin da zai taimake ni. Abu Majid ya ce Kawu ya shiga motarsa da ke can bakin ƙofa ya rufe gilashi, ya bar masa sanyin motar a kunne saboda tsufa.

Sai da muka fara bi ta da'irar farko. Zan faɗi gaskiya, ina ganinta gabana ya faɗi. Hoto daban, ido daban. Bakinta kamar an yanka da reza, geron da ke tsaye yana tsaye ƙyam, na kwance yana kwance lumui, ba ko ɗaya da ya yi rabi da rabi. Na dai ce yalla, mu je, a nuna mini inda zan yi tawa.

Aka ba ni wani lungu can gefe, nesa da ita. Na kutsa cikin geron na kafa turke da dutse, na ɗaura igiyar, na auna iya faɗin da nake so na riƙe a hannu, ragowarta mai tsawo tana jan ƙasa a bayana. Na tattare abaya na soke a ƙugu, na ɗora ƙafa a katakon na fara. Jama'a, abin da ake gani a waya kamar wasa, ashe aikin jaki ne. Gumi har cikin ido, ganyen gero yana yanka mini hannu, katako yana zamewa, ƙafata tana nutsewa a laka. Na dai cije na zagaya, na sake zagayawa ta ciki, har wuri ya kwanta. Da na fito na waiwaya, abin da na yi ya fi kama da ƙosan da mai koyo ta jefa a mai. Amma dai zagaye ne, kuma ya kwanta. Abu Majid har ya yi 'yar dariya, ya ce ma sha Allah, takaruniya da ƙarfi, haka suke kiran irinmu 'yan Afirka ta Yamma. Na ji sanyi a raina, na ce mun ci.

Sai ya sunkuya ya ɗauki kara ɗaya daga tawa. A karye yake, ruwa yana fita. Ya taka da kansa har da'irar farko ya tsinko ɗaya ya dawo ya haɗa su a gabana. Wancan bai karye ba, lanƙwashewa ya yi a gaɓa, lafiyarsa ƙalau. Ya nuna mini sawuna kaca-kaca a lakar.  Hamdan kuwa ya samu abin da yake so, wai ai ga shi nan, yarinya ta san sirrin aikin, da ita da tsohon suke yi, ita da katako shi da karatu. Na juya kansa na wanke shi tas, rabi Larabci rabi Hausa, har da abin da ba zan rubuta a nan ba. Wannan ma bai taimaki Kawu ba. Abu Majid ya ɗaga hannu ya ce in kwashe kayana, ranar Lahadi in an buɗe ofis, don a nan ranar ake fara mako, zai kai maganar inda ta dace, su can su suka san yadda ake bincike.

Na koma ciki ina huci, hawaye na cika mini ido don haushi, na tsuguna a gindin turken ina kwance igiyar. Ƙullin ya cije, ina ta fama da shi da farce. Sai na ji igiyar ta miƙe a hannuna.

Kun san yadda ake ji in wani ya kama ɗaya bakin ya ja? Haka. Na ɗauka Hamdan ne yake tsokanata, na ɗago zan zage shi, sai na hango shi can tare da Abu Majid, hannunsa a aljihu. Igiyar kuwa ta tashi daga ƙasa, duk tsawonta har da ragowar da ban yi amfani da ita ba, ta miƙe sambal ta shige cikin geron da ke tsaye, daidai tsayin ƙugun mutum. Ba kowa a bakinta. Wallahi tallahi ba kowa. Ba iska, ganye ɗaya ba ya motsi a duk gonar.

Sai ta fara tafiya. A hankali, kamar tafiyar mai nutsuwa. Duk inda ta wuce geron yana kwanciya a bayanta, ba ƙarar karyewa, sai wani sauti siriri kamar ana warware sabuwar tabarma. Tana bi tana gyara mini ƙosaina, inda na yi ciki tana cikewa, inda na yi doro tana shafewa. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, na ja baya daga turken. Ina jin Abu Majid daga nesa yana ta'awwuzi yana maimaitawa. Hamdan tuni ya zubar da takalmi ya yi hanyar ƙofa.

Igiyar ta zagayo ta iso inda nake tsaye, don na tare mata hanya. Na ce yau sai ta kwashe ni. Sai ta tsaya. Ta tsaya cak, tana taɓa abayata. Can ta sauko a hankali har ƙasa, daidai idon sawuna, ta tsaya a nan. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Daga baya dai ƙafata ce ta fi ni hankali, na ɗaga ɗaya na tsallake, na ɗaga ɗayar. Ina tsallakewa ta koma sama ta ci gaba da tafiyarta, har ta haɗe da inda ta faro, sannan ta saki ta faɗi yaraf kamar kowace igiyar shanya.

Yadda na fito daga wurin, kada ku tambaye ni. Na dai ga kaina a gaban Abu Majid. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya dube ni, ya dubi da'irar, cif take kamar ta farko, ya sake dubana.

Ya ce, "Wa ya riƙe miki igiyar?"

Na ce, "Ya ammi, baba, kai ma kana tsaye."

Ya juya ya nufi mota da sauri, ina binsa a baya. Na san abin da yake so ya gani, yana so ya kama Kawu yana karatu ko yana wani motsi da hannu. Ya fizge ƙofar. Kawu yana kwance a jikin kujera, kai ya karkace, baki a buɗe, yana munshari. Tsohon da ya yi kwanaki bai runtsa ba, sanyin mota ya buge shi ya tafi. Sai da aka girgiza shi ya farka a firgice yana tambaya ko an gama, ko yarinyar ta yi rashin kunya.

Abu Majid ya daɗe a tsaye riƙe da ƙofar. Sannan ya ƙwala wa Hamdan kira, ya karɓi wayarsa ya goge bidiyon da hannunsa, ya goge na tasa wayar. Ya gaya masa in ya ji wannan magana a bakin kowa, shi Hamdan ɗin zai fara barin ƙasar. Ban ce tausayi ne kaɗai ba, shi ma ya san in labari ya fita ba mai sake sayen ciyawarsa. Ya juyo kan Kawu ya ce halas, wato magana ta ƙare, ba shi ba ne, iƙamarsa tana nan, amma gona kam an gama, zai mai da shi gadin sitonsa na cikin gari. Ni kuma ya ce kada ƙafata ta sake taka masa ƙasa. Na ce ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan dawo ba.

A hanya na ba Kawu labari, yana ji yana girgiza kai. Na ce to shi da ya san sunan abin, ya gaya mini mene ne. Ya ce shi suna kawai aka ba shi, Baba ma bai ce ya taɓa ganinsu ba. Har yau yana Jidda, a kan kujerar roba a bakin sito kusa da tashar jiragen ruwa. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin shuka yanzu motocin kaya yake buɗe wa ƙofa, wani lokaci in ya yi shiru na san gonar yake tunawa. Amma yana kwana a ɗakinsa, ba a sa shi jirgi ba.

Na koma na sake kallon bidiyoyin Turawan nan, kuma har gobe na yarda mutane suna yin nasu da katako, ai ni ma na yi. Abin da ban gani a ko ɗaya ba shi ne wanda aka taya. Ba kwanciyar geron ce take hana ni sukuni ba. Tsayawar nan ce. Ko mene ne, ya san ina wurin, ya ga na tare hanya, ya sauke mini igiya kamar yadda ake yi wa ƙaramar yarinya, ya jira na tsallake.

Shawarata gare ku, in kun tarar da shuka ta kwanta a zagaye, kada ku kai mata komai, kada kuma ku tsaya gwada cewa kun iya irinta. Ku yi addu'a ku bi ta gefe. Ba ku san wanda yake tsaye kusa da ku yana kallon yadda kuke yi ba.